Ginin Tanti Rasmata

Ranar da Lazare Toé ya kai aikinsa Koudougou, zufa ta riga ta jiƙa masa riga kafin ya fita daga Ouagadougou. A kujerar baya ya ɗaure ɗan samfurin ginin da ya yi sati uku yana haɗawa da kwali da yumɓu, ya lulluɓe shi da tsohon mayafin matarsa. Duk ramin da motar ta faɗa sai ya waiga.

Lazare mai zanen gine-gine ne, ɗan shekara arba'in da ɗaya. A Lomé ya yi karatu, ya yi shekara shida a wani ofis a Lyon, can Turai, yana zana tagogin benayen da bai taɓa taka su ba, sannan ya dawo gida ya buɗe nasa ofishin a saman wani kantin magani. Tun dawowarsa magana ɗaya yake yi, a gaban ɗalibai ko a gidan rediyo ko a wurin cin gasasshiyar kaza: wai akwatunan gilashin nan da ake ta dasawa a birni ba su da uwa ba su da uba, ka ɗauke ɗaya ka dire shi a Dubai ko Abidjan, ba wanda zai ce baƙo ne. Gini, in ji shi, ya kamata ya tsiro daga ƙasar da zai tsaya a kanta, ya san ranar wurin da iskarsa. Mutane su tafa masa, su tashi su kai aikinsu wurin wani. A shekara tara abin da ya gina bai wuce ajujuwa shida da katangar wani coci ba, sai gidan surukinsa, wanda shi ma da aka gama tsohon ya sa aka shafe jan bulon da koren fenti.

Sai ga wannan aiki ya faɗo. Matan Koudougou ne masaƙa, su sittin da 'yan kai, suka haɗa ƙungiya, saƙinsu har Turai ake kaiwa. Wata ƙungiyar agaji ta Belgium da ke sayen kayansu ta ce za ta gina musu wurin aiki, aka kuwa zaɓi Lazare. Kwana biyu bai iya cin abinci ba don murna.

A gindin darbejiyoyin ƙofar gidan shugabarsu ya tarar da su. Rasmata Yaméogo doguwa ce, ta haura sittin, da tabarau rataye a wuya da igiyar da ta murza da kanta. Kowa Tanti yake ce mata. Tana jin sunan Toé ta san ɗan Samo ne, ita kuwa 'yar Mosi, wato abokin wasa ya kawo kansa har gida.

"Wa ya ba bawan nan kujera?" in ji ta. "Ku ɗaure karnukan unguwa, mai cin su ya iso."

"Tanti, sarkinku ne ya zo duba talakawansa," Lazare ya ce. "Ko ruwa ba a ba sarki a garin nan?"

Aka yi dariya, aka kawo masa ruwan gari mai sanyi da tsamiya a ƙwarya. Ya sha, ya ɗora samfurin a kan tebur, ya yaye mayafin.

Ɗakuna bakwai ne zagayayyu na ƙasa, kowanne da tuluwar rufinsa, an jera su kamar ƙwai a faifai, da 'yan barandu masu haɗa su. Shi kansa da ya sake kallonsu a inuwar nan sai da ransa ya yi fari. Matan suka matso. Can wata gajeruwa mai suna Pauline, wadda ita ke kula da rini, ta miƙa yatsa ta taɓa ɗaya.

"To wannan na gero ne," ta ce. "Ina na dawa?"

Wurin ya ɓarke. Wata ta tambaya ko an yi wa akuyoyi nasu ɗakin. Lazare ya ɗaga murya ya shiga bayani, yadda katangar ƙasa ke riƙe sanyi, yadda kakanni suka san abin da injiniyoyin yau suka manta, yadda duniya ta gaji da siminti. Tanti Rasmata ta bar shi ya kai aya.

"Ɗan Samo, kai a wane irin gida kake kwana?"

"Haya nake, Tanti."

"Na ƙasa?"

"Na bulo ne."

"Da injin sanyi?"

Ta ɗora tabarau a hanci, ta lalubo wani hoto a wayarta ta miƙa masa. Benen wani banki ne, hawa goma sha wani abu, shuɗin gilashi tun daga ƙasa har sama.

"Ba mu ce mai tsawon wannan ba. Hawa biyu ya ishe mu. Amma irinsa muke so." Ta karɓe wayarta. "Tun ina yarinya nake yaɓe. Duk shekara kafin ruwa ya sauka, ni ce a bango da laka har gwiwar hannu. Shekarar babbar ambaliya ɗakina ya zauna a kan masaƙata, da saƙin mutane a kai. Yanzu da Allah ya ɗaga mu, mutumin Lyon ya zo ya ce mu koma rumbu? Kwashe kayanka."

A hanyar komawa ya kira Madam Hilde, wadda ke riƙe da aikin daga Brussels. Ita ta riga ta ga hotunan samfurin, ta ce duk ofishinsu an taru a kan allonta ana kallo.

"Ba su so," Lazare ya ce. "Gilashi suke so."

"Haba, Lazare. Ai aikinka ke nan, ka fahimtar da su. Masu ba mu gudummawa ba za su sa hannu a gina banki a Koudougou ba. Abin da ke na wurin suke son gani, abin da in an kalla za a ce wannan Afirka ce."

Daga nan zama ya gagare shi. Ya zana na biyu, ƙasa a waje, siminti a ɓoye a ciki. Ya zana na uku, da gilashi a fuska da zanen gargajiya a gefe, ya kalle shi ya ji kunya ya yage. Ya zauna a tebur ya tashi, ya leƙa taga, ya sauka kantin magani ya sayi abin da ba ya bukata ya hau. A gida matarsa Odile ta zuba masa tuwo, ya yi loma biyu ya jawo takarda. Ta ce in ba zai ci ba ya faɗa, ta daina wahalar kuka da daddawa. Cikin wata ɗaya ya yi hanyar Koudougou sau biyar, har masu sayar da kaza a garin Sabou da ke kan hanya suka san motarsa. Duk abin da Brussels ta yaba, Tanti ta taɓe baki. Duk abin da Tanti ta ɗan tsaya kallo, Brussels ta ce ba ruhin wurin a ciki.

Zuwa na shida, a tsakiyar Afrilu, ta mayar masa da takardunsa tun kafin hantsi. Ya shiga mota a fusace ya murza makulli, motar ta yi tari ta mutu. Bakaniken da aka kira ya leƙa ya ce abin da ya lalace sai an aiko da shi daga Ouagadougou, kafin la'asar dai in an yi sa'a.

Lazare ya kasa zama. Ya kewaya motar, ya je bakin titi ya dawo, ya sake zuwa.

"Kai, kana sa ni jiri," in ji Tanti Rasmata. "Tunda ƙafarka ba ta son hutu, zo ka yi mana amfani. Bawa ba ya zaman banza a gidan uwargijiyarsa."

Wadari suke yi. An kafa turaku biyu a fili, ɗaya nan ɗaya can nesa, ana kai zare ana kawowa tsakaninsu har a tara na saƙi guda. Ta danƙa masa ƙullin zare ta ce ya bi bayan wata mai suna Alizèta. Ya tafi, ya kewayo turke, ya dawo. Ya sake tafiya. Rana ta buɗe, ƙasa ta fara cin tafin takalmi. A zuwa na huɗu ne ya lura bakinsa yana ƙirga taku da kansa, halin sana'a. Arba'in da biyu. Ya sake ƙirgawa a dawowa. Arba'in da biyu.

Ya tsaya cak da zaren a hannu. Ɗakinsa mafi girma a cikin bakwai ɗin nan, daga bango zuwa bango, taku goma ne.

Ya juya ya dubi masu saƙar da ke jere a inuwa. Sau shida yana zuwa wurin nan, bai taɓa kallon abin da ke gabansu ba, fuskokinsu kawai yake kallo yana jiran su yarda. Kowace masaƙa zarenta ya miƙe ne ɗoɗar zuwa can gaba, an ɗaure ƙarshensa a kunkuru, wato ɗan katakon da aka danne da dutse, tana saƙa yana matsowa a hankali. Ba abu ɗaya a sana'ar nan da ke zagaye. Komai dogo ne.

"Ka ga aljani ne?" Alizèta ta ce. "Tafi mana, zare zai saki."

Da azahar aka ba shi wake da shinkafa da man gyaɗa. Yana ci Tanti ta sa aka jawo wani akwati daga ɗakin ajiya, ta buɗe a gabansa. Zare ne fari, ko kuma abin da ya rage daga zare. Gara ta biyo bangon ƙasa ta shiga ta baya ta mayar da rabinsa gari.

Ya tura kwanon gefe. Yana nan zaune sai ga Pauline ta fito daga rumfar rini da ƙulli biyu na jan zare, ta wuce inuwa, ta je tsakiyar rana ta ɗaga su tana juyawa, ta runtse ido. Ta koma, ta sake fitowa da wasu.

"Me take yi?"

"Tana gwada launi," in ji Tanti. "Turawan nan in ja ya bambanta da ja ko da ƙiris, su dawo mana da kaya. A ɗaki ido yana ƙarya."

Da aka gyara motar bai ko tsaya doguwar sallama ba. Kwana uku bayan haka ya dawo, ba takarda ko ɗaya, sai wani abu a naɗe cikin buhu. Guntun shuɗin gilashi ne da ya roƙa a wurin masu haɗa tagogi. Ya ce Pauline ta kawo ja biyu da ta tabbata sun bambanta, da rawaya, da fari. Ya shimfiɗa su a tebur, ya riƙe gilashin tsakaninsu da rana.

Jajayen biyu suka koma abu ɗaya, wani baƙi-baƙi kamar busasshen jini. Rawaya ta zama kore. Pauline ta dafe ƙirji.

"Innalillahi," in ji Alizèta. "A cikin wannan za mu wuni?"

Tanti Rasmata ta karɓi gilashin da kanta, ta ɗaga, ta sauke, ta ɗaga. Ta daɗe.

"To a sa farin gilashi."

"Fari zai bar launi yadda yake. Amma bango guda na gilashi a ranar garin nan, Tanti, kafin azahar kun dahu. Sai injin sanyi dare da rana, ranar da aka ɗauke wuta kuma ku fito waje."

"Wato ka kashe nawa." Ta ajiye gilashin da ƙarfi har ya yi ƙara. "Ka ji daɗi?"

"Nawa ya riga naki mutuwa. Zarenku ba zai shiga ɗakunana ba. Ban auna ba."

Ta kalle shi ta saman tabarau. Wannan ne karo na farko da ta yi masa magana ba tsokana a ciki.

"Ni ba gilashin ne ya dame ni ba. So nake in motar Dédougou ta wuce, wani ya leƙo ya ce, wancan na waye? A ce masa na masaƙa ne. Mijina har ya mutu cewa yake saƙa aikin matan da ba su da abin yi ne. Kuma ba na son in sake taɓa laka. Ka ji su biyu. In za ka iya, yi. In ba za ka iya ba, ka faɗa wa baturiyarka ta riƙe alherinta."

Bai koma Ouagadougou ba ranar. Ya yi ta yawo a bayan gari ba tare da ya san abin da yake nema ba, har ya faɗa wani rami mai faɗi inda ake saran marmara, jan dutsen nan. Ya san dutsen, ya ma taɓa koyar da shi a aji, amma a garin nan katangar fili ake yi da shi, ko makewayi. Wani dattijo mai suna Tinga, wanda ya fi shekara talatin a ramin, ya nuna masa yadda dutsen ke yankuwa kamar sabulu in yana cikin ƙasa, in ya sha iska kuma ya taurare.

"Gara fa?"

Tinga ya yi dariya da haƙoransa uku. "Ta gwada mana."

Lazare ya ɗauko guda biyu a bayan mota ya dire a gaban Tanti. Ta taɓa da ƙafa.

"Dutsen bayan gida ka kawo min?"

"In an sare shi daidai aka goge fuskarsa, ba ki taɓa ganin irinsa ba."

Ba ta yi gardama ba. Ta sa Pauline ta jefa ɗaya a cikin randar ruwan rini, ta ce ya dawo bayan sati. Da ya dawo aka tsamo shi. Ya yi shuɗi, amma ko gefensa bai zube ba. Ta sa aka kawo taɓarya ta kai wa dutsen duka sau biyu da hannunta. Taɓaryar ce ta tsage.

"To," in ji ta. "Zana."

Cikin kwana goma ya gama. Zaure ne guda ɗaya dogo, taku sittin, bangonsa jan dutse. Rufin kwano ne a kan ƙarafa, an ɗaga shi sama da bango yadda iska za ta ratsa ta kwashe zafi. Manyan tagogi duk a arewa, inda haske ke shigowa ba tare da rana ba, don Pauline ta gwada launinta a tsaye inda take. A gaba, bakin titi, bene hawa biyu, kanti a ƙasa, ofis a sama. Matan suka bi zanen da yatsa, kowace tana neman inda masaƙarta za ta zauna, har aka fara faɗa a kan wadda za ta samu kusa da ƙofa.

Madam Hilde kuwa da ta ga zanen sai ta kira shi a waya.

"Lazare, kada ka ji haushi. Wannan ai kamar ma'ajiyar kaya ce a tashar jirgin ruwa. Ƙarfe, kwano. Ina Afirka a ciki?"

"Tana ciki, Madam, tana saƙa."

Aka yi sati uku ana kai da kawowa. A ƙarshe suka ce za su yi zauren, amma benen gaba ba ruwansu da shi. Tanti ta ce a fara, sauran ta san yadda za ta yi. Sannan Madam Hilde ta ƙara da wata bukata. Za a yi bajekolin sababbin gine-ginen ƙasa a Brussels, suna son ya aiko da samfurin farko, mai ɗakuna bakwai. Za a sa sunansa, za a kuma gayyace shi ya yi jawabi.

Ya san ginin ba zai yi aiki ba. Ya san dalili, da ƙafarsa ya auna. Amma shekara tara yana jiran wani a can ya kira sunansa. Ya naɗe samfurin ya aika, bai faɗa wa kowa a Koudougou ba, Odile ma sai da ta ga takardar gidan waya.

Aka haƙa tushe, Tinga da mutanensa suka shiga saro dutse. Bango ya kai ƙugu, ya kai kafaɗa. Masu wucewa a babur suka fara rage gudu. Lazare yana can kusan kullum, yana rigima da magina a kan layi, yana sa a rushe abin da ya karkace. Ana cikin haka ɗan littafin bajekolin ya iso ofishinsa. Ga ɗakunansa bakwai a shafi guda, an haska su kamar zinariya. A ƙasa an rubuta cewa wannan gini ne da ba a yi ba, domin matan da aka zana wa shi sun ruɗu da ƙyalƙyalin birane, ba su kai ga gane darajar gadonsu ba tukuna. Ya karanta sau uku. Ya tura littafin ƙarƙashin wasu takardu, ya sauka, ya hau, ya sake jawo shi.

Bai yi komai a kai ba. Ya ce wa kansa ba wanda zai gani.

Wata safiya ya iso wurin gini ya tarar ba mace ko ɗaya da ta zo kallo, alhali kullum sai sun leƙo. Tanti Rasmata kaɗai ce zaune a kan tulin dutse, da waya a hannu. 'Yarta da ke aikin jinya a Liège, can Belgium, ce ta je bajekolin, ta ɗauki hoton shafin ta aiko, ta kuma karanta mata shi da murya.

"Sannu da zuwa, Malam Toé," ta ce.

Bai taɓa jin ta kira shi haka ba.

"Ashe mu ruɗaɗɗu ne. Ashe ba mu san gadonmu ba." Ta ɗaga gefen zanen da ke jikinta. "Wannan kakata ce ta koya wa uwata. Kai me ka gada? Ka tsaya a gabana ka ce ba ka auna ba. Su can ka faɗa musu haka?"

"Ba ni na rubuta ba, Tanti."

"Ka karanta?"

"Na karanta."

"Yaushe?"

"Sati biyu ke nan."

Ta miƙe ta kakkaɓe jikinta. "Ka gama mana gininmu, tunda ka fara. Amma ƙwaryar ruwan gidana ta fi ƙarfinka."

A cikin mota ya zauna, ƙofa a buɗe, ya rubuta wa Madam Hilde da masu bajekolin. Ya goge ya sake sau da yawa, don kowane rubutu sai ya ga yana neman wanke kansa. Wanda ya aika gajere ne. Ya ce ginin ba a yi shi ba ne saboda mai zanen bai san tsawon zaren saƙa ba, kuma gara tana cin kaya a bangon ƙasa, matan ne suka gane haka kafin shi. Ya ce a rubuta wannan a ƙarƙashin samfurin, ko a sauke shi. Ya sa 'yar Tanti a cikin waɗanda za su samu wasiƙar.

Suka amsa da ladabi cewa littafi an riga an buga. Samfurin dai suka sauke. Maganar jawabi ba a sake tayar da ita ba. Madam Hilde ta cika alkawarin zauren har ƙarshe, amma da aka buɗe shi ba ta aiko mai ɗaukar hoto ba.

Tanti ta yi wata biyu tana gaishe shi kamar baƙo. Ruwan farko ne ya warware abin. Matan sun tare, masaƙa ashirin da huɗu a jere, sai hadari ya taso da rana tsaka ya sauke a kan kwanon. Ƙarar ta cika zauren har ba mai jin na kusa da ita. Lazare yana tsaye a tsakiya, kansa a sama, yana zagin kansa, don ya yi lissafin zafi da haske da gara, bai yi na ƙara ba. Sai ya ji an finciki rigarsa. Ta kawo baki saitin kunnensa ta kwarma ihu.

"Bawan banza! Ganga muka ce ka gina mana?"

Bai san lokacin da dariya ta ƙwace masa ba. Sati uku ya yi yana gwaji kafin ya dace da tabarmin kaba da aka shimfiɗa a ƙarƙashin rufin, ƙarar ta ragu ta koma abin da za a iya hira a cikinsa.

Shekara biyu suka wuce. Ya samu wasu ayyuka, ba masu yawa ba, asibitin ƙauye ɗaya da makaranta. Ya rage zuwa rediyo, don in an tambaye shi menene ginin da ya dace da mu, sai ya ji amsar ta yi masa tsawo. Wata rana Tinga ya kira shi ya ce ya zo ya ga abin mamaki, ya ƙi faɗin ko menene.

Tun daga nesa ya hango. Matan sun yi benensu da kansu, da wani ɗan kwangilar garin, ba su neme shi ba. Hawa biyu na bulo, an manne fuskarsa da farin tayil mai sheƙi irin na banɗakin otal, da tagogin alminiyom, da sunan ƙungiya da manyan haruffa masu ruwan gwal. A bayansa jan zaurensa ya miƙe kamar an haɗa jikin wata dabba da kan wata. Ya tsaya a bakin titi ya rasa abin da yake ji. Wata motar fasinja ta wuce, ya ga kawuna sun juyo.

Tanti Rasmata ta leƙo daga sama. "Ka tsaya hangame da baki, ƙuda zai shiga. Hawo."

Ya hau. Ofis ne da tebur da kujera mai juyawa da hoton matan duka a bango. Taga babba tana kallon yamma, rana ta shigo ta kwanta a daɓen. Fanka biyu suna ta juya iska mai zafi. Goshinta duk zufa.

"Ya ka gani?"

"Ana ganinsa daga nesa," ya ce.

"Ba shi na tambaye ka ba. Amma bar shi, na san ranka." Ta leƙa matakala ta tabbatar ba kowa, ta rage murya. "Daga ƙarfe biyu ba ya zaunuwa. Ƙasa nake gudu wurin masu saƙa, in ce musu aiki na zo dubawa. In ka faɗa wa wani sai na sa an sayar da kai."

Lazare ya je jikin tagar ya dafa bangon, ya janye hannu da sauri. Ya leƙa ƙasa, ya dubi inda za a iya kafa ginshiƙai, ya dubi kusurwar da rana ke faɗowa. Ragar dutse a gaban tagar, mai ramuka, ta tare rana ta bar iska. Amma za ta rufe rabin tayil ɗin.

"Tayil ɗina ba za a taɓa shi ba," ta ce, kamar ta ji.

"To ki ci gaba da dahuwa."

"Rabinsa."

"Kashi biyu cikin uku."

"Rabi, ɗan Samo. Kuma haruffan su fito." Ta jawo kujerar ta kai inda inuwa ta rage ta zauna, ta ɗauki wani kwali tana fifita. "Zauna mana, a kawo maka ruwa."

"Ina zuwa," ya ce, ya sauka don ya ga bangon ta waje.